Tarihin Abiyu, Ɗan'uwan Kaɗanya Daga Dajin Amazon

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomin lambu, wanda kuma yakan taɓa sayar da kayan marmari ranar kasuwa. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, ya ce ɗansa ya nuna masa hoton wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa a waya, wai shi abiyu, an ce zaƙinsa kamar zuma, kuma itacen yana haihuwa cikin shekara uku. Yana so a ba shi tarihinsa. Daga ina ya fito? Me ya sa kakanninmu ba su san shi ba, alhali sun san gwaiba da kashu? Kuma shin gaskiya ne ana nomansa har a ƙasashen da ake yin sanyi? Ya ce yana tambaya ne don kada ya zuba kuɗinsa a rariya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma ka yi dabara da ka yi tambaya tun kuɗin suna aljihu. Sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo. Sauran manoma da 'yan kasuwa masu bin wannan fili, ku ma ku matso kusa.

Abin da za mu fara gaya maka shi ne, ko da yake ba ka taɓa ganin abiyu ido da ido ba, ka san 'yan'uwansa sarai. Masana tsirrai sun kasa itatuwa gida-gida kamar yadda mutane suke da dangi. Gidan da suka sa abiyu a ciki, wanda suke kira Sapotaceae, shi ne gidan kaɗanyar da ke gonarka, shi ne kuma gidan agwalumar nan da ake kawo mana daga kudu tun daga lokacin sanyi har farkon bazara. Alamar 'yan wannan gida ita ce farin danƙo. Ka sari jikin kaɗanya, za ka ga yana tsattsafowa kamar nono. Ka daɗe kana tauna ɓawon agwaluma, sai ya zame maka cingam a baki. Kai, shi kansa cingam na asali ma, daga danƙon wani itace na wannan gida aka riƙa yinsa a ƙasar Meziko da maƙwabtanta. To shi ma abiyu yana da wannan danƙo a ɓawonsa. Girman ɗansa ya kama daga na lemon zaƙi zuwa na babban mangwaro, ɓawon sumul, cikin kuwa fari ne mai laushi kamar tsokar ɗanyar kwakwa, ba tsami ko kaɗan. Waɗanda suka ci sukan kwatanta ɗanɗanonsa da madarar da aka dafa da mazarƙwaila. Ƙwallonsa daga ɗaya zuwa huɗu ne, dogo, mai sheƙi, da tabo a gefe irin na ƙwallon kaɗanya.

Asalinsa kuwa, daga yammacin dajin Amazon yake a Amurka ta Kudu, wato gindin duwatsun Andes ta ɓangaren gabas, a sassan ƙasashen Peru da Kolambiya da Ikwado da Barazil, har zuwa kudancin Benezuwela. Ka riƙe siffar wannan wuri a ranka, domin duk sauran labarin a kanta ya rataya. A birnin Iquitos na ƙasar Peru, inda abiyu yake cika kasuwa in lokacinsa ya yi, ruwan sama yakan kusa milimita 3,000 a shekara, kuma babu watan da ba a yin ruwa. Ka gwada da Kano, inda ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 1,000, shi ma duk cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba. A can babu rani irin namu, babu hunturu, iska kullum da laima take, dare da rana da ɗumi. Itacen da ya tashi a irin wannan gata bai taɓa koyon jimre sanyi ko ƙishirwa ba, don babu abin da ya tilasta masa. A cikin kurmi yakan yi tsawo har mita 30 ko fiye yana neman rana, amma a lambu ba ya cika wuce mita 10.

Sai dai kada ka ɗauka wannan ƙaton ɗan itace da ka gani a hoto haka nan aka tsince shi a daji. Na daji ƙanana ne, danƙo ya yi musu yawa. Mutanen wurin ne suka gyara shi da hannunsu, tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasar. Hanyarsu kuwa ba wata boyayya ba ce, ita ce dai wadda tsohonka yake bi in zai ware damin iri: in mutum ya ci wanda ya fi girma da zaƙi, sai ya shuka ƙwallonsa a bayan gida, in ya ci mara kyau ya yar. Ɗa ya gada, jika ya gada. Waɗanda suka fi shahara da wannan aiki su ne ƙabilar Tikuna, mazauna bakin kogin Solimões, wato sunan da ake kiran babban kogin Amazon da shi a sashensa na sama, wajen garuruwan Tabatinga da Leticia. Wani masani mai suna Charles Clement, na cibiyar binciken Amazon da ke birnin Manaus, ya yi rubutu a 1989 yana nuna cewa wannan yanki wata babbar matattara ce ta itatuwan da ɗan Adam ya hora, kuma a cikin misalansa akwai abiyun Tikuna, wanda ɗa guda yakan kusa kilo ɗaya. Shi ne kuma a 1999 ya lissafa tsirrai iri 138 da mutanen Amazon suke nomawa ko suke kula da su a lokacin da Turawa suka iso. Cututtukan da baƙin suka zo da su, da bauta, da yaƙi, sun hallaka mafi yawan mutanen, kuma in manomi ya mutu ba magaji, irinsa ma yakan bi shi. Abiyu yana cikin waɗanda suka tsira, don ya riga ya zama itacen bayan gida a ko'ina a bakin kogin, har zuwa birnin Belém da ke kusa da teku.

Ga wani ɗan abin dariya kafin mu wuce. Sunan abiyu daga harshen Tupi ya fito, na mutanen Barazil na asali. A Peru da Kolambiya sukan ce kaimito ko kaimo. To a arewacin Barazil, in mutum ya yi gum a cikin taro, ko aka tambaye shi ya ƙi magana, sai a ce masa: abiyu ka ci ne? Dalili kuwa, in ka ci wanda bai gama nuna ba, danƙon nan yakan manne maka leɓɓa.

Turawa sun ratsa kogin Amazon tun 1542, lokacin da Francisco de Orellana ya bi shi daga sama har teku, amma an daɗe kafin abiyu ya shiga littafin masana. A 1777 Sarkin Sifen, Carlos na Uku, ya tura wasu samari biyu masana tsirrai, Hipólito Ruiz da José Pavón, su je Peru da Chile su tattaro tsirran ƙasar. Sun yi wajen shekara goma suna wannan aiki, kuma sun ga tasku. A 1785 gobara ta cinye musu takardu da busassun ganyayen da suka tara a wani wuri da ake kira Macora, a 1786 kuma jirgin ruwan da ya ɗauko wani kaso na kayansu ya nutse a gaɓar Fotugal. Duk da haka sun koma gida a 1788 da abin da ya saura, kuma a juzu'i na uku na littafinsu kan tsirran Peru da Chile, wanda ya fito a 1802, suka siffanta wannan itace. Bayan shekara 80, a 1882, wani Bajamushe, Ludwig Radlkofer, ya sake masa zama a cikin dangi, ya ba shi sunan da masana suke amfani da shi har yau, wato Pouteria caimito. In za ka nemi iri ka riƙe wannan suna, don akwai wani itacen dabam, shi ma ɗan gidan, da ake kira kaimito, kada a sayar maka da wani a madadin wani.

Yanzu sai tambayarka ta biyu, wadda a ganinmu ita ce ta fi daɗi. Rogo da masara da gyaɗa da gwanda da abarba da gwaiba da kashu duk daga wancan ɓangaren duniya suka zo mana, yawancinsu a jiragen ruwan 'yan Fotugal tun daga ƙarni na 16. Me ya hana abiyu biyo su? Babban dalili yana cikin ƙwallonsa. Masara da gyaɗa in sun bushe sai su yi watanni a buhu suna jiran damina. Kashu yana da sulkensa. Rogo kara ake yankowa, abarba kuma kanta ko 'ya'yan gindinta ake dasawa, duk suna jure tafiya. Shi kuwa ƙwallon abiyu ba ya barci. Da zarar an fitar da shi daga cikin ɗan, in ya sha iska ya bushe, cikin 'yan kwanaki ya mutu. A garinsu wannan ba aibi ba ne, tunda ƙasa kullum a jiƙe take, yana faɗuwa zai tsira cikin mako biyu zuwa uku. Amma jirgin ruwa mai filafilai yakan yi makonni kafin ya ƙetare teku.

Za ka iya cewa, ai akwai wasu itatuwan masu irin wannan hali da suka ƙetare. Gaskiya ne, kuma labarin itacen roba ya isa misali. A 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi ƙwallon roba wajen 70,000 daga yankin Amazon, ya yi ta sauri da su a jirgi mai tururi zuwa lambun gwamnati na Kew da ke Landan. Waɗanda suka tsira ba su kai 3,000 ba. Amma da yake roba dukiya ce da masana'antu suke nema ido rufe, an yi renon waɗannan 'yan kaɗan a ɗakin gilashi, aka aika da dashensu Silon da Malaya, daga nan gonakin roba na Asiya suka tashi. Abiyu kuwa abin marmari ne kawai, ba ya shiga masana'anta, ba ya ajiyuwa, don haka babu gwamnatin da ta ga dalilin yi masa wannan ɗawainiya. Sai ya yi zamansa a gida.

Fitarsa ta sosai sai a ƙarni na 20, kuma a nan ne muka zo kan tambayarka ta uku. A 1914 wasu ma'aikatan hukumar gona ta Amurka su uku, Dorsett da Shamel da Wilson Popenoe, waɗanda aka tura Barazil binciken wani irin lemo, suka tattaro ƙwallon abiyu a jihar Bahia suka aika gida. A 1915 aka sake samun wani daga jihar Minas. Wurin da aka sa rai zai yi shi ne kudancin jihar Fulorida, wajen Miyami da Homestead, domin nan ne ya fi ko'ina ɗumi a babban yankin ƙasar. Irin waɗannan wurare su ne masana suke cewa suna gefen yankin zafi: yawancin shekara zafi ne da ruwa, mangwaro da gwanda suna yi, amma tsakanin Disamba da Fabrairu iska takan taso daga arewa, wani dare guda sanyi ya sauka har ruwa ya daskare a waje. Ba kowace shekara ba, amma dare ɗaya ya isa. Wata malama a Jami'ar Miyami, Julia Morton, ta rubuta a littafinta na 1987 kan 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu ɗumi cewa an yi ta dasa abiyu a kudancin Fulorida, amma sanyi ya kashe yawancin ƙananan, sai wasu 'yan kaɗan da aka dasa a 1953 suka haihu a 1962. Ka lissafa da kanka. Shekara 48 ke nan tsakanin zuwan iri da wannan haihuwa, kuma itacen da yake haihuwa cikin shekara biyu zuwa huɗu a garinsu, a nan sai da ya shekara tara.

Daga wannan asara aka gane iyakarsa. In ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri, inda ruwa yake fara zama ƙanƙara, ƙaramin dashe ya tafi. Babban itace ma in aka ƙara digiri ɗaya ko biyu ƙasa da haka zai iya mutuwa. Tun kafin a kai can ma, sanyi mai tsawo yakan tsayar da girmansa, ganye ya koɗe, fure ya zube. Kuma Fulorida ba ta daina gwada manomanta ba: a watan Janairun 1977 har dusar ƙanƙara aka gani a Miyami, a Disamban 1989 kuma aka yi wani sanyin da ya ƙone lambuna da yawa. Dabarun da suka koya ba su fi ƙarfin fahimtar kowane manomi ba. Ba a dasa shi a kwari, don iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take ta kwanta a ƙasa kamar ruwa. Akan sa shi ta kudu da gini ko shingen itatuwa, inda za su tare masa iskar arewa. Akan dasa bayan sanyi ya wuce, don ya samu watanni masu ɗumi ya yi ƙarfi kafin wani ya zagayo. Shekarun farko akan naɗe jikinsa, a lulluɓe shi da bargo ko buhu duk daren da rediyo ya yi gargaɗi. Masu manyan lambuna kuma sukan kunna injin feshin ruwa su bar shi har gari ya waye, domin ruwan rijiya ya fi iskar daren ɗumi.

Ba sanyi kaɗai ba ne. Ƙasar Homestead dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ake siminti da shi, shi kuwa abiyu ƙasa mai ɗan tsami ya saba da ita. In ƙasa ta yi kanwa-kanwa, sinadarin ƙarfe yana nan a cikinta amma saiwa ba ta iya sha, sai ka ga sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kaɗai ke kore, itacen ya tsumbure. Manoman can sukan sayi wani takin ƙarfe na musamman su jiƙa su zuba a gindi, kuma ba shi da araha. Akwai wani attajiri mai son itatuwa, William Whitman, wanda yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu renon baƙin itatuwan marmari a Miyami a 1955. Shi da ya ga ƙasar gidansa ba ta yi wa irin waɗannan itatuwa, sai ya sa aka yi ta kawo masa wata ƙasar a manyan motoci, lodi ɗaruruwa, aka sauya ta lambun ɗungurungum. Wannan kam aikin mai kuɗi ne, ba mu ce ka gwada ba. Har yanzu dai a Fulorida abiyu ya fi zama itacen gida da na 'yan ƙananan lambuna.

Inda aka fi cin nasara shi ne Ostireliya. An kai shi can wajen shekarun 1970, manoman jihar Kwinsland suka karɓe shi, musamman a arewacinta mai ruwa da zafi, wajen Cairns da Innisfail, sannan aka gwada shi kudu, inda ake ɗan sanyi, a wuraren da raɓa ba ta daskarewa. Abin da suka fara lura da shi shi ne, in ka shuka ƙwallo goma, hali goma za ka samu. Wani itacen ya yi 'ya'ya har rassa su sunkuya, na kusa da shi ya yi ta fure shekara da shekaru ba ɗa. Wani ɗansa zagayayye, wani mai tsini a baki, wanda kuma tsinin ke saurin ƙujewa a kwali. Wani danƙo kaɗan, wani kamar gam. To sai suka yi abin da Tikuna suka yi, amma da gajeriyar hanya: suka shuka da yawa, suka jira, suka zaɓi na kirki, sannan suka riƙa yanko reshensa suna aura wa ƙananan dashe, kamar dai yadda kuke auren mangwaro. Ta haka aka samu iri masu suna, irin su Gray da Z2 da Z4. Abin sha'awa, wasu daga cikin waɗannan sun sake ƙetare teku, ana samun su a lambunan Fulorida. A ganinmu wannan zaɓe shi ne ya fi duk sauran dabaru amfani, don bargo da taki ba sa mai da juya ta zama mai haihuwa.

Su kuma Ostireliya iska ce ta koya musu nata karatun. Guguwar teku da aka sa wa suna Larry ta faɗa wa yankin Innisfail a watan Maris na 2006, wata mai suna Yasi ta biyo a Fabrairun 2011, duk biyun suka kwantar da ayaba da itatuwan marmari. Daga nan wasu manoma suka koma ɗaure itatuwansu a jikin waya da turaku, suna aske su kada su yi tsawo. Ko inda ba guguwa ma, shawarar masana ita ce a tsayar da abiyu a mita uku zuwa huɗu, don hannu ya kai, iska kuma ta rasa abin kamawa.

Tsibirin Taiwan ma ya shiga sahu a ƙarshen ƙarni na 20, a kudancinsa wajen Pingtung da Kaohsiung, inda suke kiransa da wani suna mai ma'anar ɗan itacen zinariya. Su kuma abin da suka shahara da shi shi ne sa wa kowane ɗa jaka tun yana kan itace. Aiki ne mai cin rai, amma yana kare shi daga ƙunar rana da tsuntsaye, da kuma ƙudan nan mai huda ɗan itace ya saka ƙwai, tsutsa ta cinye cikin. Wannan ƙuda ba baƙonku ba ne. Irinsa na Asiya an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso yammacin nahiyar, kuma shi ne yake zubar muku da mangwaro da farkon damina.

'Yan kasuwa, ga naku. Daga fure zuwa nuna wata uku ne zuwa huɗu. In an tsinke shi da kore, danƙo ya hana shi ciwuwa. In an bari ya nuna sarai, ya yi laushi. Don haka akan yanke shi da almakashi lokacin da ruwan ɗorawa ya kusa rufe shi, a jera shi sahu ɗaya a kwali mai laushin shimfiɗa. Duk inda ya bugu, ko yatsa ya danna da ƙarfi, gobe wurin ya yi baƙi, ko da cikin lafiya lau yake, kuma kun san mai saye da ido yake saye. In an yanka shi ma, tsokar takan sauya launi nan da nan. A ɗakin sanyi mai kimanin digiri 12 da wuya ya wuce mako biyu, in sanyin ya yi yawa kuma ya lalace. Wato ba kayan da za a zuba a buhu a hau kai a bayan mota ba ne kamar lemo ko goruba. Shi ya sa ko a ƙasashen da ya karɓu, kasuwarsa ta kusa ce, kuma har yau bai zama hajar da ake fatauci da ita tsakanin nahiyoyi kamar ayaba ko abarba ba.

To Malam, mu dawo kanka. Amsar ita ce e, ana noma shi a ƙasashen da ake taɓa sanyi, amma da lallashi, kuma sai inda ruwa ba ya daskarewa ko kuma ana tsaye a kansa. Kai kuwa matsalarka dabam ce. Sanyinmu ba ya kai ga ƙanƙara, sai dai hunturunmu busasshiyar iska ce mai tsotse laima, ga ta da ƙura, ita ce kuma irin iskar da ganyen abiyu ya fi ƙi. Tana wucewa bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a wurare da yawa, ga wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa. Kaɗanya ta iya da wannan, don saiwarta ta yi nisa, ɓawonta ya yi kauri har gobarar daji yake jurewa, kuma ba ta gaggawa, takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa. Ɗan'uwan nata mai saurin haihuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan makamai. A ra'ayinmu, wanda yake inda damina take da tsawo, kamar kudancin Kaduna ko Nasarawa ko Binuwai ko Taraba, kuma yana da ruwan ban-ruwa duk shekara, ya fi wanda yake can arewa kusa da hamada damar gwadawa. Ruwan ma sai mai daɗi, don abiyu ba ya shiri da gishiri ko kanwa, ba ya kuma son gindinsa ya kwana cikin ruwa.

In ka ƙudura sai ka gwada, kada ka sare mangwaro ko ɗaya saboda shi. Ka fara da 'yan ƙwaya biyar ko shida, ba ɗaya ba, tunda ka ji halinsu ba ɗaya ba ne, kuma sukan fi haihuwa in suna da maƙwabta. Ka sa su inda wasu itatuwa ko katanga za su tare musu iskar gabas da arewa, ka yi musu rumfar zana ko ta kara a shekarar farko, ka lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa mai kauri, ka bar tazarar taku bakwai ko takwas tsakaninsu. Duk wanda ya kawo maka busasshen ƙwallo a leda ya ce na abiyu ne daga waje, ka tambaye shi yaushe aka fitar da shi daga cikin ɗan. In an yi makonni kuma ba a cikin wani abu mai laima aka ajiye shi ba, gawa ce yake sayar maka. In dashe ne, ka nemi ganin uwar da aka ɗebo shi daga jikinta tana da 'ya'ya, gani ya kori ji. Shigo da iri ko dashe daga wata ƙasa kuma yana buƙatar izinin hukumar da ke killace kayan gona, kada a ƙwace maka a bakin iyaka.

In Allah ya sa ya yi, ranar da za ka ci na farko ka bari ya nuna sosai, ka raba shi biyu da wuƙa, ka ɗebi tsakiyar da cokali, kada ka kankare har jikin ɓawo. Mutanen Amazon sukan shafa mai a leɓe kafin su ci saboda danƙon. Kai da kake da man kaɗanya a gida, ba sai ka nemi wani ba.

Da fatan Malam ya gamsu. Sauran masu tambayoyi, takardunku suna hannu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.